Jijiyar Ƙafa a Hannun Mai Aski

Litinin, da yamma bayan na dawo daga aiki

Yau Likitan Hannu ya duba Baban yara. Ni na ja shi na kai shi, ba ma a ranar ganin marasa lafiya ba, don shekara da shekaru ina miƙa wa mutumin nan kayan aiki a ɗakin tiyata, in ban ci wannan alfarmar ba wacce zan ci. Ya kama yatsan zobe na hannun dama, wanda ke kusa da ƙaramin, ya ce a dunƙule hannu. Baban yara ya ciji leɓe, ya yi nishi kamar mai ɗaga buhun siminti. Sauran yatsun suka dunƙule, shi kuwa wannan ya tsaya ƙyam a miƙe yana kallonmu.

Likita ya ce jijiyar da ke jan yatsan ce ta yanke gaba ɗaya. Ba jijiyar jini ba, farar nan mai kama da igiya. Inda mutumin nawa ya je a ɓoye fata kawai suka ɗinke masa, ita kuwa jijiyar ta ja da baya ta shige tafin hannu ta ƙanƙance, an kuma haura wata guda, yanzu ba ta haɗuwa. Sai dai a ciro wata daga wani wuri a jikinsa a dasa masa. Duk na san wannan tun ranar da na ga yana shan shayi da yatsa a miƙe kamar wani ɗan gayu, amma ji daga bakin Likita daban ne.

Ya tambayi yadda aka yi. Baban yara ya ce, "Wuƙar kicin ce, Likita." Likita ya dubi tabon, layi ɗaya miƙaƙƙe ta cikin yatsun, ya dube ni ta saman gilashinsa. Ya san yankan mai yanka albasa, ya kuma san wannan. Allah ya saka masa da alheri, bai ƙara ko kalma ba.

Mai aski da babban yatsa da na zobe yake riƙe almakashi. Idan yatsan nan bai lanƙwashe ba, Baban yara ya gama da almakashi ke nan, kuma shi a wurinsa aski da inji ba aski ba ne, sharar kai ce. Shagon yanzu abokin aikinsa ne ke riƙe da shi. Duk da haka a hanya sai da ya tsaya ya saya mana lemo, yana zaɓe da hannun hagu yana tsokanar mai lemon, sai ka ce ba shi aka faɗa wa maganar ba.

Yaya ya ci abinci. Ɗanmu na fari, ya haura ashirin, ga gemu har ya fara fitowa, amma ga ni ina rubuta cin abincinsa.

Talata, da sassafe

Ƙofar ɗakin Yaya a buɗe take. Na wuce sau biyu wai ina neman tsintsiya.

Laraba, da azahar

Na raka Yaya wurin nasa likitan, na ƙwaƙwalwa, na hawa na biyu, mai tukunyar fure a taga. Yau sun daɗe a ciki, har na karance duk takardun da ke manne a bango na koma ta farko. An bar masa maganin yadda yake. A mota da za mu dawo shi ya riƙe min jaka, kuma da direba ya afka wani rami muka yi sama gaba ɗaya, na ji ya ɗan yi dariya ta hanci. Ban juya ba, kada in kore ta. Raina fes na yini.

Alhamis, bayan cin abincin yamma

Akwai wata jijiya a wuyan hannu da Allah ya ajiye wa mutum kamar safayar mota. Ba ta wani aiki, in an cire ba a rasa komai ba, don haka ita ake fara nema idan za a yi dashe. Amma ba kowa ke da ita ba. Likita ya duba Baban yara bai gani ba, shi kuma ya ƙi yarda, wai Likita sauri yake yi. Shi ya sa yau da aka kwashe kwanuka na sa kowa ya haɗa babban yatsa da ƙarami ya ɗan lanƙwasa wuyan hannu. Ta Autarmu ta taso raɗau a hannu biyu, ta tashi tana zagaye falo tana yi mana yanga. Ni a hagu kawai nake da ita. Baban yara ya murɗa, ya juya, ya kai hannu ƙarƙashin fitila, har da gogewa da bakin riga. Wayam.

Na ce masa dama Allah ya san halin bawansa, mutumin da ko maɓallin riga bai taɓa ajiye na safaya ba. Ya ce shi ƙirar asali ne, Sista, ba a yi shi don ya lalace ba. Maƙwabciya ta shigo aron ashana, ita ma sai da aka gwada ta, ta fita tana cewa bari ta je ta duba nata mijin.

To, sai ƙafa ke nan. Akwai wata siririya a bayan ƙwauri tana bin agara, ita ma safaya ce.

Yaya bai shigo cikinmu ba, yana tsaye a bakin ƙofarsa. Amma talabijin a kashe take, gilashinta kuma yana nuna wannan lungun. Na gan shi ya ɗaga hannu ya haɗa yatsun, ya daɗe yana kallo, sannan ya gwada ɗayan.

Asabar, lokacin hutun rana a wurin aiki

A cikin duk kayan aikinmu babu wanda nake so kamar sitirifa. Siririn ƙarfe ne dogo, da mariƙi a gindi, da ɗan zobe a baki wanda ƙwayar wake ba za ta wuce ba. Guda biyu muke da su, gajera ta hannu, doguwa ta ƙafa. Likita zai yi 'yar tsaga ƙarama, ya lalubo jijiyar, ya zura bakinta cikin zoben, ya riƙe da hantsaki. Sai ya riƙa tura ƙarfen a hankali ta ƙarƙashin fata, zoben yana bin jijiyar yana raba ta da nama, har ya kai can sama inda ta ƙare. Ido ba ya ganin komai, hannu ne ke ji. A wannan lokacin ɗakin yakan yi tsit, har ƙawata Rediyo, wadda ko a cikin takunkumi bakinta ba ya hutawa, takan haɗiye maganarta. Idan an dace, jijiyar ta zaro gaba ɗayanta, fara sol tana sheƙi. Idan aka yi gaggawa, ko zoben yana da 'yar kaifi a gefe, sai ya datse ta a rabin hanya, a fito da guntuwar da ba ta isa komai ba.

Yau na miƙa ta a aikin wani ɗan ƙwallo. Ban san iyakar sau nawa na miƙa ta a rayuwata ba, amma yau da na ga ƙarfen yana shigewa sai na ga ƙafar Baban yara, siririyar nan mai gashi da nake yi wa dariya kullum. Rediyo ta taka min ƙafa ta ƙarƙashin tebur, na dawo hayyacina.

Lahadi, da hantsi

Abokan cinikin Baban yara uku sun zo dubiya, kawunansu duk an yi musu askin inji, suna rantsuwa ba laifinsu ba ne. Ya ce musu za a sa masa jijiyar ƙafa a hannu, saboda haka duk wanda ya zauna a kujerarsa nan gaba ya riƙe kunnensa da kyau, yatsan zai riƙa son tafiya yawo. Suka yi ta ƙyaƙyatawa har shayi ya sarƙe ɗaya.

Har yanzu wuƙaƙena suna gidan maƙwabciya, tun ranar da Yaya ya ɗauki ɗaya zai yi wa kansa illa, ubansa ya damƙe kaifin da hannu. Na saba da ɗaukar albasa da nama in je can in yanka, muna hira, har ma ya fi min daɗi. Ba ta taɓa tambayata dalili ba.

Yaya ya ci abinci, har ya ƙara.

Talata, bayan magariba

Ina wanke-wanke na ji mutum a bayana. Ya daɗe a tsaye kafin ya yi magana, ni kuma na ci gaba da cuɗa tukunyar da ta riga ta fita.

"Umma, ni ina da ita," ya ce. "Duka hannu biyun."

Na ce na sani.

"A cire tawa a sa wa Abba."

Na rufe famfo, na goge hannuna, na juyo. Ya miƙo min wuyan hannunsa, yatsun a haɗe, ga ta nan ta taso a ƙarƙashin fata, lafiyayya. Na ce masa ba a yin haka. Jikin mutum nasa ya sani, na wani baƙo ne a wurinsa, kuma babu likitan da zai yanka mai lafiya alhali mara lafiyan yana da tasa a ƙafa. Na yi masa bayani dalla-dalla irin yadda nake yi wa ɗalibai, don in na tsaya a bayani muryata ba ta rawa.

Ya sauke hannun. Ya ce, "To me zan ba shi?"

Abin da ya fito daga bakina shi ne ya je ya ci abincinsa kada ya huce. Uwa guda, da wannan ta iya. Amma tun ranar nan bai taɓa haɗa min jimla uku a jere ba sai yau, kuma ko da abin ya soke ni, farin ciki ya fi yawa. Na koma na sake wanke tukunyar.

Laraba, bayan la'asar

Gobe ne. Ni na haɗa tiren aikin da hannuna kafin a sa a injin dafa kaya. Ina da wata ɗabi'a: nakan zare zare ɗaya daga bandeji, in jiƙa shi, in zura a zoben sitirifa in ja gaba da baya. In ya wuce sumul, zoben lafiya lau. In ya maƙale ko ya tsinke, akwai kaifi. Na gwada doguwar, sumul. Na sake, sumul. Ina cikin na huɗu ko na biyar Matiron, shugabarmu, ta tsaya a kaina ta ce in na ƙara sau ɗaya ni zan yi wa zoben kaifin da kaina.

Sannan ta faɗi abin da na riga na sani. A wurinmu ba a shiga aikin ɗan uwa. Ba na wanke hannu, ba na sa riga, ko ta tagar ƙofa ba a yarda in leƙa ba. Ni da kaina na sha korar wasu da wannan dokar, har ina jin daɗin faɗarta. Na ce ai ni ba zan yi magana ba, a kusurwa kawai zan tsaya. Ta ce, "Ke? A kusurwa?" Rediyo ce za ta tsaya a madadina. Na ja ta gefe na ce Likita ya fi son a miƙa masa ta da mariƙin a ɗan karkace. Ta ce ta sani. Na ce kuma ta jiƙa zoben. Ta ce in ban bar ta ba za ta miƙa masa cokali.

Ƙanena zai zo ya yini a gida gobe, saboda kada a bar gidan da mutum ɗaya.

Alhamis, da la'asar

Ashe bencin nan na masu jira haka yake da tauri. Kullum ina wuce shi da sauri, ina ce wa mutane su kwantar da hankalinsu, ban taɓa ɗora masa jikina ba. Ƙafarsa ɗaya ma gajera ce, duk wanda ya motsa sai kowa ya motsa. Kusa da ni wata tsohuwa ce da aka shiga da jikarta, ta ba ni dabino, ta ce kada in damu, ma'aikatan nan sun san aikinsu. Na ce haka nake ji ana faɗa.

Da za a tura Baban yara ciki, yana kwance da hular nan ta takarda, sai da ya ce wa mai turawar ƙeyarsa tana neman gyara. Amma da ya dube ni na ga idonsa. Na gyara masa bargo, abin da ya rage min ke nan.

Abin haushi, daga bencin ina bin aikin a kaina. Yanzu an buɗe yatsan. Yanzu an koma ƙafa. Yanzu Rediyo ta miƙa. Da na ƙiyasta ƙarfen ya shiga, na daina jin abin da tsohuwar ke cewa, hannuna na dama ya riƙa motsi a cinyata shi kaɗai. Wannan siririyar ma ba kowa ke da ita ba, kuma mutumin da ya rasa ta hannu biyu me zai hana ya rasa ta ƙafa. Ban faɗa wa kowa wannan tsoron ba.

Can sai ga Rediyo ta leƙo, takunkumi a haɓa, abin da doka ta hana. Ta ware hannu ta nuna min daga gwiwar hannunta zuwa yatsa. Ta ce, "Gaba ɗayanta. Ko gardama ba ta yi ba, ba ta biyo halin mai ita ba." Na yi dariya, sai kuma ga hawaye, tsohuwar ta ƙara min dabino.

Na kira gida. Ƙanena ya ɗauka, amma na ji numfashin wani kusa da wayar. Na ɗaga murya na ce an gama lafiya.

Asabar, da rana

Mun dawo gida. Hannu a filasta, ƙafa a naɗe, baki kuwa ko ƙwarzane.

Talata, da yamma

'Yar fisiyo, mai koyar da motsa gaɓɓai, ta yi mana karatu yau, yarinya ƙarama mai muryar shugabar makaranta. Filastar tana bayan hannu, ta riƙe yatsun a ɗan lanƙwashe. Duk bayan awa biyu sai an kama yatsan da wani hannu, a naɗe shi a hankali har ya taɓa tafi, a sake shi ya koma. Shi bai isa ya ja da ƙarfinsa ba tukuna, in ya ja ɗinkin zai tsinke. In kuma aka bar shi ba motsi, sabuwar jijiyar za ta manne da nama, aikin Likita ya tashi a banza. Da safe da dare ni zan yi masa. Da rana ina wurin aiki, Auta tana makaranta, sai ya yi da hannunsa na hagu. Ya ce wannan ai wasan yara ne.

Juma'a, da safe

An yi ruwa da asuba, garin ya yi sanyi. Na sha shayina a tsaye a bakin taga, kowa yana barci, kowa yana nan. Na ƙirga su da kunne. Ban san abin da ya fi wannan ba.

Laraba, bayan na dawo daga aiki

'Yar fisiyo ta wanke mu tas, ni da Baban yara. Yatsan ya fara sandarewa. Ta tambaye shi sau nawa yake yi da rana, ya ce yadda aka ce. Ta kama yatsan ta naɗe, ya yi tsalle daga kujera. Ashe da zarar ya ji zafi yake tsayawa, ya ɗan kaɗa shi sama-sama ya ce ya yi. Na gwada sa Auta ranar Lahadi, da ya ce wash ta saki ta gudu ɗaki tana kuka. 'Yar fisiyon ta ce in aka ƙara mako a haka, ta cire hannunta. Sai an sami mai yi masa da rana, wanda ba zai ji tausayinsa ba.

Na ji haushinsa ƙwarai, kuma na faɗa masa a mota, ban rage komai ba. Da muka kusa gida sai ya ce, "Sista, da zafi fa." Sai haushin ya bi iska, na rasa inda zan sa kaina.

Mutum ɗaya ne ke gida da rana. Na san haka tun a ofishin yarinyar. Shi ma Baban yara ya sani, don da muka shigo duk mu biyun ƙofa ɗaya muka kalla. Tun ranar nan Yaya bai taɓa kai idonsa kan hannun nan ba. In uban ya shigo falo, shi bango yake kallo.

Alhamis, bayan na dawo daga aiki

Da safe na shiga ɗakin Yaya na zauna a bakin gado. Na ce, "Ka tambaye ni abin da za ka ba shi. Hannunka nake so, duk bayan awa biyu. Zai yi ihu, zai ce ya isa, ba za ka saurare shi ba." Ya daɗe yana kallon ƙasa, har na fara tunanin na yi ganganci, da na tambayi likitansa tukuna. Sai ya tashi ya tafi wurin famfo ya wanke hannu, har gwiwa, yadda yake gani ina yi.

Na kwance bandejin sama. Ga tsohon tabon, ga sabon ɗinkin ya bi ta kansa a karkace. Na ji numfashin yaron ya canza. Na ɗora hannuna a kan nasa, muka kama yatsan tare. Baban yara kuwa ya kafa ido a silin ya shiga ba da labarin wani mai sanƙo da yake zuwa aski duk mako, ana karɓar kuɗinsa don kada a karya masa zuciya. Labarin nan mun ji shi ya fi a ƙirga. Bai tsaya ba, ko da yatsan ya taɓa tafi gumi ya keto masa, sai dai muryar ta ɗan haura sama. A na uku na zare hannuna. Yaya bai lura ba.

Na makara a wurin aiki, Matiron ta harare ni, na yi mata murmushi har ta tsargu.

Asabar, da azahar

Daga kicin ina jiyo su. "Ya isa, ya isa, kai wane irin mutum ne?" "Saura kaɗan, Abba." Ya sa wa yaron suna Azzalumi, yaron kuma yana amsawa.

Talata, da yamma

Yau ba ta yi kyau ba. Yaya bai tashi ba, bai ci ba, ya juya wa ƙofa baya. Likitansa ya gaya min irin waɗannan ranakun za su riƙa zuwa, kada in ɗauka an koma farko, amma gabana bai san wannan karatun ba, faɗuwa yake yi. Ina hutu yau, don haka da lokacin motsa yatsa ya yi na wanke hannu na ce wa Baban yara ya kawo. Ya ce a'a, shi yana da ma'aikacinsa.

Ya tashi yana ɗingisa ƙafar da aka yanka, ya tallafi hannun da ɗayan, ya shiga ɗakin yaron. Na bi shi har bakin ƙofa. Ya zauna a gefen katifa, ya ɗora hannun a kan bargo daidai inda yaron zai gani in ya juyo. Bai ce ya tashi ba, bai ce me ke damunka ba. Ya ce, "Azzalumi, lokaci ya yi." Sannan ya yi shiru. Ban taɓa sanin mutumin nan ya iya shiru mai tsawo haka ba.

Na koma kicin don ƙafafuna sun gaji da tsayuwa. Ruwan shayi ya tafasa, na sauke, ya huce, na sake ɗorawa. Sai na jiyo, ƙasa-ƙasa, "Wash. A hankali mana."

Da yamma Yaya ya sha shayi da burodi.

Juma'a, lokacin hutun rana

'Yar fisiyo ta ce mana jiya yatsan ya yi laushi, wa ke yi masa? Na ce ɗansa. Ta ce a gaishe shi, ya fi wasu ma'aikatan. Na kai saƙon yadda aka ba ni, ya sosa ƙeya.

Mun yi wani dashen yau, na miƙa doguwar. Da na wanke ta na tsaya ina juya ta a hannu, ƙarfen da ya shiga ƙafar mijina ya fito. Na yi tsammanin zan ji wani abu daban, amma ƙarfe ne dai, sai na ji ina ƙara sonta kawai. Rediyo ta ce in na gama gaisawa da kishiyar tawa in miƙo mata tire.

Litinin, da safe

An cire zare. Baban yara da Yaya sun fara fita tare da yamma, wai motsa ƙafa, su je bakin titi su dawo. Jiya sun daɗe, na fita ƙofar gida sau biyu, ashe shago suka biya. Na dawo ciki da sauri kada su gan ni.

Alhamis, da la'asar

Yau aka ba Baban yara izinin ya gwada motsa yatsan da kansa. A asibiti ya gwada, yatsan ko gezau. 'Yar fisiyon ta ce ba komai, wani sai ya kwana biyu, jijiyar ƙafa ce, sai ta koyi sabon aiki. A hankali kawai, kuma ta ja kunnenmu: kada ya ɗauki komai, kada ya riƙe komai, kada a ja. Baban yara ya yi dariya a can, amma a mota bai tsokani kowa ba. Na ga yana kallon hannun a cinyarsa.

Da muka dawo suka zauna a falo inda suka saba, a kan tabarma kusa da taga. Ina ninke wanki a kujera. Yaya ya naɗe yatsan sau da yawa don ya yi ɗumi, sannan ya sa nasa manunin a ƙarƙashinsa ya tallafe, ya ce Abba ya gwada. Shiru. Ya ce ya sake. Uban ya rufe ido, jijiyar wuyansa ta tashi. Na daina ninkin.

"Kai ne kake turawa," in ji Baban yara.

"Ba ni ba ne, Abba."

"Kai ne mana."

"Wallahi ban motsa ba. Duba."

Na matso a kan gwiwa. Kan yatsan ya sauko, kaɗan, bai fi kaurin ƙwayar shinkafa ba, ya koma. Ya sake saukowa, wannan karon ya ɗan zagaye yatsan yaron ya tsaya a nan yana rawa. Yaya ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa filastar, kafaɗunsa suna motsi. Ya fara cewa, "Abba, ranar nan, ni ban..." Uban ya katse shi.

"Ranar nan ban saki ba," ya ce. "Yau ma ba zan saki ba. Zare yatsanka in ka isa."

Yaron bai zare ba. Shi ma uban bai buɗe ba.

An ce kada ya riƙe komai, a gabana aka faɗa, kuma ni ce ma'aikaciyar asibiti a gidan nan. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga akwai sauran wanki a igiya. Na tashi na fita na kwaso shi, ban yi sauri ba.